Kunun Kanwar Iya Barira

A unguwar Zango ta Damagaram, in mace ta haihu, kafin labari ya kai ga dangin miji na nesa an riga an aika wa Iya Barira. Ba ungozoma ba ce, ba ta yanke cibi. Aikinta yana farawa ne bayan an gama wannan. Ita ce mai ruwan jego, ita ke dafa shi, ita ke yi wa mai haihuwa wanka safe da yamma har ta yi arba'in, ita kuma ke dama mata kunun kanwa.

A Dogo aka haife ta, gidan manoman gero da gyaɗa. Wajen mahaifiyarta ta koyi aikin, tun tana miƙa itace da ganyen runhu, har aka fara barinta ta riƙe ƙwarya. Aure ya kawo ta birni, gidan Habu baduku, mutum mai sanyin hali wanda ya yi rayuwarsa tsakanin fata da allura. Da Allah ya karɓe shi, ta gama takaba, sai aikin ruwan ya cika mata wuni. Garin nan kowa ya san yadda ruwa yake wuya, amma 'yan garuwa ba sa wuce ƙofar da suka ga hayaƙin Iya Barira. Hannuwanta sun daɗe da daina jin zafi. Takan tsoma su cikin ruwan da wata ba za ta iya kusantar tururinsa ba, ta ɗago tsumagiyar ganye tana Bisimilla, ta fyaɗa a bayan mai jego, mai jego na kuka ita tana cewa, "Yi haƙuri, lafiyarki ce."

Ba mai yawan magana ba ce. Ta taɓa shiga karatun manya na 'yan watanni, ta fito da sanin baƙaƙen boko, tana haɗa su a hankali kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Makarantar da ba ta fashi ita ce Islamiyyar matan unguwa. A can take zama layin baya, ba ta tambaya, amma abin da malam ya faɗa yana zauna mata.

Kununta kuwa har Birni da Sabon Gari an san shi. Da kanta take zuwa kasuwar Dole ta zaɓi kanwa wajen masu kawo ta daga ƙasar Manga, ta ɗanɗana da harshe kafin a auna. Ta surfa gero, ta sa citta da kanumfari da masoro, ta jiƙa kanwa har ruwan ya yi ja. Abin da ta taso da shi, kuma ta yarda da shi kamar yadda ta yarda gobe rana za ta fito, shi ne babban maƙiyin mai jego sanyi ne. In ya sami ƙofa ya shige ta, sai ta kumbura, ta yi ta tari, wata ma ta tafi. Maganinsa wuta a waje, kanwa a ciki.

Zahra'u ce 'yarta ta fari, don haka Barira ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Yarinyar nan" take cewa, ko da yarinyar ta zama matar aure. Zahra'u ta daɗe a ɗakinta ba ta samu ba, sai da aka fara cire rai Allah ya kawo. Ta dawo gida goyon ciki yadda aka saba, ta haifi namiji a matanite, asibitin haihuwa, lafiya lau, aka yi suna. Barira ba ta nuna murna a fuska ba, kunya ba ta bari ba. A tukunya murnar ta fito. Ruwan da ta dafa wa 'yarta ba ta taɓa dafa wa kowa irinsa ba, kunun kuwa sai da ta ninka masa kanwa.

Bayan suna da 'yan kwanaki ƙafafun Zahra'u suka fara hawa. Sai tari ya biyo, busasshe. Sai ya zama in ta je bayan gida ta dawo, tana dafa bango tana haki kamar wadda ta ɗauko tulu daga nesa. Ta daina kwanciya, sai dai a tara mata matasai ta jingina, barcinta a zaune. Barira ta duba ta ce a ranta, sanyi ya shige ta. Ta rasa ta inda ya bi, ta toshe taga da tsumma, ta ƙara itace, ta ƙara kanwa.

Mijin Zahra'u, Suma'ila, mai shagon atamfa ne a Dole. Kullum in ya tashi kasuwa yakan zo, ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa da surukarsa ya gaishe ta yana kallon ƙasa. Ya yi lakwal, wato boko, yana karanta Faransanci, wayarsa kuma ba ta rabuwa da hannunsa. Wata la'asar bayan gaisuwa ya yi gyaran murya.

"Iya, na duba a waya kan kumburin nan."

"To, me kuka gani?" in ji Barira, tana kallon murhu.

"Sun ce ba komai ba ne. Mata da yawa suna yi bayan haihuwa. A ɗora ƙafa bisa matashi, a sha ruwa sosai, zai sauka da kansa. Wurare da yawa na buɗe, duk bakinsu ɗaya."

Barira ta ji sanyi a ranta. Ga nata sanin, ga na nasara, ba su yi faɗa ba. Ta sa masa albarka, ta tashi ta zuba wa mai jego wani kofin.

Gana ta zo barka a makare. 'Yar maƙwabta ce, Babarbariya, tare suka yi wasan ƙasa da Zahra'u. Yanzu ungozomar asibiti ce, an tura ta ƙarin karatu Yamai, shi ya hana ta zuwa suna. Da hantsi ta shigo da sabulu da turmin zane, tana tsokana tun daga tsakar gida.

"Ina mai jegon da ta ƙi jirana? Iya, wannan hayaƙi haka, jego ake ko ƙira?"

Ta ɗaga labule ta shiga, sai dariyar ta tsaya. Barira na biye da ita, ta ga yadda Gana ta ajiye kayan a hankali ba ta ko kalli jaririn ba. Ta zauna bakin gado, ta riƙe wuyan hannun Zahra'u tana ƙirga bugun jininta. Ta kalli jijiyar wuyanta. Ta danna babban yatsa a ƙwaurinta, ta ɗaga, ramin ya zauna kamar an danna tuwo mai zafi.

"Zahra'u, kwanta in gani."

Zahra'u ta gwada. Kanta bai gama kai wa katifa ba ta zabura ta tashi, tana tari, idanu waje.

Gana ta fito tsakar gida ta kira Suma'ila a waya, ta ce ya rufe shago ya nemo mota. Sannan ta juyo ta durƙusa gaban Barira.

"Iya, ba sanyi ba ne. Ina jin zuciyarta ce ta gaji, ruwa yana taruwa mata har a ƙirji. Asibiti za mu kai ta yau."

"Mai jego ba ta fita," in ji Barira. "Ruwa ɗanye, jiki ɗanye. In iska ta buge ta a hanya fa? Ki bari in ƙara mata kwana biyu, zai fita."

Daga cikin ɗaki Zahra'u ta ce, da ƙyar, "In Iya ba ta ce ba, ba inda za ni."

Suma'ila ya iso kan kabu-kabu, ya ce abokinsa Alkasum na tafe da mota. Da ya ji abin da ake ciki sai ya ciro waya, ya ce shi fa ya duba, an ce ba komai.

"Kawo in gani, likitan aljihu," in ji Gana. "Me ka rubuta musu?"

"Kumburin ƙafa bayan haihuwa."

"Ka rubuta ba ta iya kwanciya?"

"A'a."

"Ka rubuta kanwa? Ka rubuta ruwan zafi safe da yamma?"

Ya dube ta da mamaki. "Kanwa kuma? Ai ba magani ba ce, kunu ne. Wa zai rubuta kunu?"

"To ka gani. Sun ba ka amsar matan da ba su taɓa ganin kanwa ba, ba su kuma haki. Ba ƙarya suka yi maka ba, tambayar ce ba ta cika ba. Wannan wurin da ka shiga, Malam Suma'ila, kasuwar Dole ce ranar Alhamis. Komai akwai, na kirki da na banza, amma wanda ya fi ɗaga murya shi za ka fara ji. Ni ma ina shiga kullum, in ina neman farmasin da ke buɗe don sayen magani, ko ma'anar wata kalma. Amma ban kai ran mutum can."

Barira tana zaune kan turmi, hannunta a kan gwiwa. Ba ta fahimci rabin zancen ba, amma akwai abin da ya tsaya mata. Ta tuna malamin Islamiyya ranar da wata ta kawo wani hadisi da ta ji a motar haya, ya tambaye ta wa ya ruwaito, daga wa ya ji, ta rasa amsa, ya ce to a ajiye shi tukuna. Ba ta kalli surukinta ba ta ce,

"Wannan da ya ce ba komai, wane ne shi? Daga wa ya ji?"

Suma'ila ya ja rubutun sama, ya ja ƙasa. Akwai hoton wata baturiya tana murmushi da jariri, akwai tallar man shafawa. Suna babu.

"Bai sa sunansa ba, Iya."

"Ke kuma naki," Barira ta juya ga Gana, "wa ya faɗa?"

Gana ta ja tabarma ta zauna dab da ita, ta ciro tata wayar. Ta ce akwai wani wuri daban, kamar rumbu yake, ba a zuba komai a ciki sai binciken likitoci. Kafin rubutu ya shiga, sai waɗansu likitocin sun karanta sun tsefe shi, sun tambayi mai shi mutum nawa ya duba, a ina, ta yaya ya auna. Ta ce ba shi da daɗin shiga, yawanci da Ingilishi ne, kalmominsa masu nauyi, kuma ba ya gane hira, sai ka ba shi ainihin kalmomin da kake nema. Wani rubutun ma kansa kawai za a nuna maka, sauran a rufe. Ta rubuta zuciya, ta rubuta bayan haihuwa, ta rubuta Hausa. Abin ya yi ta juyawa, layi ba ƙarfi, Barira na jin tarin 'yarta ta bayan labule. Sai rubutu ya sauko, jere, ba hoto ko ɗaya.

Gana ta buɗe ɗaya tana fassarawa. Likitoci ne a Zariya, tun kafin a haife ta. Sun ga mata suna zuwa musu bayan haihuwa da kumburi da haki, ba sa iya kwanciya. Suka bi su har gidajensu, suka ga ana dafa ruwa ana yi musu wanka da ganye, suka ga ana dama musu kunu.

"Iya, kin iya baƙaƙe. Duba nan."

Ta buɗa rubutun da yatsu biyu har ya yi girma. Barira ta matso da fuskarta. Cikin tarin kalmomin da ba ta san ko ɗaya ba, ta ga wata ta tsaya kamar 'yar gida cikin baƙi. Ta haɗa ta a hankali, leɓenta na motsi. Kanwa.

Kanwar da take ɗanɗanawa da harshe a Dole, wadda ta ɗauka daga ita sai matan da take yi wa wanka suka san zancenta, ga ta an rubuta, an ajiye shekara da shekaru a wani rumbu da gara ba ta ci, tana jiran ranar da za a kira ta daga tsakar gidan Habu baduku. Waɗansu mutane da ba ta sani ba, wataƙila ƙasa ta daɗe da rufe su, sun zauna gaban mata irin 'yarta, sun ƙirga numfashinsu, sun rubuta don wanda zai zo baya. A ranta ta ce, tsarki ya tabbata ga wanda ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba.

"Me suka ce ta yi?" ta tambaya, muryarta ƙasa.

"Sun ce kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Zuciyar da ta riga ta gaji da ɗaukar ciki, in aka ƙara mata ruwa, aka ƙara zafi, kaya ya yi mata yawa." Gana ta buɗe wani. "Amma ga waɗansu da suka zo baya, har da na can Yamai. Su sun ce ba kanwa kaɗai ba ce, don ciwon yana kama matan da ba su taɓa sha ba. Suna zargin waɗansu abubuwan, har da ƙarancin wani sinadari a abinci. Har yau ba a gama ba."

"Ashe suna saɓa wa juna."

"Sosai ma. Amma kowa sai ya kawo sunan wanda ya gabace shi, ya ce wane ya ce kaza a shekara kaza, ni ga abin da na gani. Kin ga jerin nan na ƙasa? Duk waɗanda ya ɗauko daga wajensu ne."

Barira ta daɗe tana kallon jerin sunayen. Wane daga wane, wane daga wane. Da Gana ta ce mata duk bakinsu ɗaya, da ta yi shakka. Wannan saɓanin da ba su ɓoye ba, shi ya kama ta.

"A kan me suka haɗu?"

"A kan cewa mai jegon da ba ta iya kwanciya saboda haki, asibiti take, ba a jira. Kuma a tsayar mata da gishiri da kanwa."

Ƙanwar Barira, Hauwa, ta faɗo mata a rai, can Dogo, shekaru masu yawa, tana jego, zaune jingine da buhun gero don ba ta iya kwanciya, mahaifiyarsu na ta hura wuta tana kuka. Sanyi aka ce, har ta rasu. Barira ta rufe ido ta yi musu addu'a su biyun, don ta san uwarta ba ta hura wutar nan da komai ba sai ƙauna.

Aka ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Suma'ila ya miƙe. Barira ta tashi ta nufi murhu, inda ruwan yamma ya fara ɗumi. Ta janye itacen ɗaya bayan ɗaya, ta turmusa su cikin toka. Ta shiga ɗaki ta ɗauko bargo, don ba ta daina tsoron iska ba, ta lulluɓe 'yarta tun daga kai, ta goya jaririn da kanta.

"Yarinyar nan, tashi mu je."

A babban asibiti aka shafa wa Zahra'u wani abu mai santsi a ƙirji, likita ya ɗora na'ura. Gana ta roƙa aka bar Barira ta tsaya daga gefe. A allon ta ga wani abu toka-toka yana buɗewa yana rufewa, a gajiye, kamar bakin kifin da aka fitar daga ruwa. Aka ce mata zuciyar ce. Zuciyar da ta fara bugawa a cikin cikinta, ba ta taɓa zaton za ta gan ta da ido ba a duniya. Ba ta san lokacin da ta fara tasbihi ba. Likitan, wani dogo mai suna Bashir, ya ce zuciyar ta buɗe ta yi laushi, amma an zo da sauran dama. Ya tambayi me Zahra'u take ci, me take sha. Barira ta faɗa masa duka, har ninkin da ta yi, ba ta rage ba. Bai yi mata faɗa ba. Ya rubuta, ya ce a daina, ya ce kuma maganar wani cikin a ajiye ta sai ya ba da izini.

Aka yi wa Zahra'u allurar da ke fitar da ruwa, aka bi da ƙwayoyi. Ta yi kwanaki da yawa a can. Barira na zaune gefen gado a kan tabarma, ba wuta, ba tukunya, hannuwanta sun rasa abin yi sai carbi. Suma'ila na zuwa da abinci marar gishiri, yana durƙusawa daga bakin ƙofa. Wata rana ya ce wa Gana ta nuna masa rumbun nan, ta ce ya fara koyon Ingilishi tukuna, kafin nan in abu ya taso ya kira ta, kiran bai kai kuɗin atamfa ba.

Har yanzu Iya Barira na ruwan jego a Zango. Ruwan ya sauka daga tafasa zuwa ɗumi, kunun kuma gero ne da kayan yaji, kanwar sai dai a ji labarinta. Akwai tsofaffin da suka ce ta lalace, suka koma kiran wata. Ba ta yi musu da kowa ba. Abin da ta ƙara shi ne, duk gidan da ta shiga, kafin ta ɗora tukunya sai ta danna ƙwaurin mai jego, ta ce mata kwanta in gani. Likita ya ce zuciyar Zahra'u tana dawowa, ko da yake ba ta gama ba, tana kan magani.

Amma ranar da Barira ta fi riƙewa ita ce wata azahar a asibitin, ta idar da salla ta waiwaya. Matasan da aka tara sun zame sun faɗi ƙasa. Zahra'u na kwance miƙe rigingine, kai a kan katifa, baki a ɗan buɗe, tana barci, ƙirjinta na hawa yana sauka a hankali ba tari. Wata ma'aikaciya ta shigo da magani, Barira ta ɗaga mata hannu, ta roƙe ta da ido ta ɗan dakata. Matar ta duba agogo, ta duba mai barcin, ta ajiye ƙwayoyin a kan teburi ta fita a hankali.